Waiwaye: Ina ruwan Atina da Urushalima?

Wajen shekara ta 200, Tartuliyan, malamin Kirista a birnin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau, ya jefa tambayar da har gobe ake maimaitawa: ina ruwan Atina da Urushalima? Atina gidan falsafar Girkawa ce, Urushalima kuwa mahaifar wahayi. A ganinsa, daga makarantun falsafa bidi'o'i suke ɓullowa. Amma shi kansa bai kuɓuta ba, don da kayan aikin masu falsafa ya yi muhawarorinsa, kuma a rubuce-rubucensa aka fara cin karo da kalmar Latin da ake kiran Triniti da ita, wato aƙidar Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Tun kafinsa Jastin, wanda aka kashe a Roma wajen 165 saboda addininsa, ya bi wata hanyar. Ya riƙe kalmar Logos da ta buɗe Bisharar Yohanna, wadda a Girkanci take nufin magana, take kuma nufin hankali. Ya ce duk wanda ya rayu bisa hankali ya sami rabo daga Kalmar Allah, har da Sokratis, masanin falsafar Atina da ya rayu kafin Almasihu. Kilemen da Orijin na Iskandariya suka ɗora a kai.

Ƙura ta tashi sosai a ƙarni na 4. Ariyus, wani limamin coci a Iskandariya, ya kafa hujja cewa in an haifi Ɗan, wato Almasihu, to akwai lokacin da babu shi. A taron Nikiya na 325, bishop-bishop suka ba shi amsa da kalmar da babu ita a Littafi Mai Tsarki, mai nufin Uba da Ɗa zati ɗaya ne.

Rigimar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta Yunomiyus, wani bishop na wannan ƙarni. Shi ya ce sunan nan "wanda ba a haifa ba" ya bayyana zatin Allah ɗungurungum, don haka hankalin ɗan Adam na iya saninsa. Basil na Kaisariya da ƙanensa Giregori na Nisa suka tashi masa, alhali Basil ɗin a Atina ya yi karatu. Ba su ce a jingine tunani ba. Da manɗiƙi suka nuna masa cewa sunan ya faɗi abin da Allah bai zama ba ne kawai, bai faɗi ko shi mene ne ba. Na fi gamsuwa da matsayin Basil, wanda ya ce ta ayyukansa muke sanin Allah, ayyukan nan suna saukowa gare mu, zatinsa kuwa ba mai kusantarsa.