Zach Bryan da kundin American Heartbreak: tambayoyi da amsoshi

Ranar 20 ga Mayu, 2022, wani tsohon sojan ruwan Amurka mai shekara 26 ya fitar da kundin waƙoƙi mai suna American Heartbreak. Shi ne cikakken kundin Zach Bryan na farko a ƙarƙashin babban kamfanin waƙa, kuma ya girgiza kasuwar kiɗan kantiri, wato salon waƙa na karkarar Amurka. Ga amsoshin tambayoyin da mai sauraro zai iya yi.

Wane ne Zach Bryan?

An haife shi a 1996 a Okinawa ta ƙasar Japan, inda aikin sojan ruwa ya kai iyayensa, amma a ƙaramin garin Oologah na jihar Oklahoma ya tashi. Yana ɗan shekara 17 shi ma ya shiga rundunar, ya yi shekara takwas. Idan ya tashi daga aiki sai ya ɗauki jitarsa ya rera abin da ya rubuta, abokai su ɗauka da waya a ɗora a YouTube. A 2019 ɗaya daga cikin irin waɗannan bidiyoyi, na waƙar "Heading South", ya bazu ko'ina. Ga shi nan a wajen bariki cikin dare, gumi na zuba, yana rera waƙa da iya ƙarfin muryarsa. A 2021 rundunar ta sallame shi cikin mutunci don ya fuskanci waƙa.

To idan wannan ne na farko, me ya sa ake ce masa na uku?

Saboda akwai biyu kafinsa waɗanda ya fitar da kansa. DeAnn ya fito a 2019, an sa masa sunan mahaifiyarsa da ta rasu a 2016, kuma a wani gidan haya a Florida shi da abokansa suka naɗe shi. Elisabeth ya biyo baya a 2020. Babu kamfani a bayansu, babu ƙwararrun makaɗa. American Heartbreak na uku ne a lissafi, na farko a hannun Warner Records.

Mene ne bambancin babban kamfani da ƙarami, har ake ta maganarsa?

Kamfanoni uku ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar waƙa ta duniya: Universal, Sony da Warner. Su ke da kuɗin situdiyo, su ke da masu talla, su ke da hanyar shiga gidajen rediyo. A al'ada, kamfani kan ba mawaƙi kuɗi tun kafin aiki, ya cire abinsa daga ciniki, sau da yawa kuma shi ke mallakar ainihin sautin da aka naɗa.

A kiɗan kantiri abin ya fi haka tsauri. Birnin Nashville na jihar Tennessee shi ne cibiya. Can akwai marubuta da sana'arsu ke nan su zauna biyu ko uku a ɗaki su tsara waƙar da za ta shiga rediyo, a miƙa wa mai murya. Sabon mawaƙi kan yi watanni yana zagaya tashoshi yana neman a sa waƙarsa. Bryan bai bi wannan layi ba. Da ya zo teburin ciniki yana da jama'arsa tuni, waɗanda suka haddace baitocinsa tun yana bariki. Da ofishin Warner na Los Angeles ya ƙulla yarjejeniya, ba reshen Nashville ba, kuma kundin ya fito ɗauke da tambarin nasa ƙaramin kamfanin, Belting Bronco. A ganina nan ne zuciyar labarin. Wanda ya zo da masu sauraronsa a bayansa, ba a cika iya ce masa ya sauya murya ba.

Kantiri yake yi ko waƙar gargajiyar Amurka?

Yana tsakani. Akwai kayan kiɗan kantiri: jita, gogen Turawa, da banjo, wanda asalinsa daga kayan kiɗan tsirkiya na Afirka ta Yamma ne da bayi suka tsallaka da iliminsu. Amma yadda yake rubutu ya fi kusa da gargajiya, wato mutum ɗaya da jitarsa yana ba da labarin talaka. Oklahoma ta saba da wannan, don ita ta haifi Woody Guthrie, mawaƙin 'yan ƙwadago da manoman da fari ya kora a shekarun 1930. Kusan duk waƙoƙin kundin Bryan ne ya rubuta da hannunsa. Maraici, barasa, rabuwar masoya, doguwar hanya, kewar gida: abin da ke ciki ke nan.

Waƙa 34 a kundi ɗaya, ba ta yi yawa ba?

Ta yi. Kundin ya kai kimanin sa'a biyu, kuma a tsakiyarsa akwai waƙoƙin da suke kama da juna ƙwarai, jita iri ɗaya, ƙunci iri ɗaya. Da an tace su zuwa rabi, da ya fi kaifi.

Akwai kuma maganar lissafi. Jadawalin Billboard, mujallar da ke jera waƙoƙi da kundi bisa farin jininsu a Amurka, yana haɗa yawan sauraro ta intanet ya mayar da shi kamar cinikin kundi, don haka mai waƙoƙi da yawa yana da riba. Mawaƙin kantiri Morgan Wallen ya fitar da mai waƙa 30 a 2021 ya mamaye jadawalin. Ba zan ce wannan bai taimaki Bryan ba. Sai dai wanda ya bi tarihinsa ya san mutum ne mai zubo waƙa ba ƙaƙƙautawa. Wata biyu kacal bayan wannan kundi ya sake fitar da wani ƙarami, Summertime Blues. Abin da ya burge ni shi ne kamfanin ya bar shi da halinsa. Ba a goge muryar nan mai kaushi ba, ba a lulluɓe ta da kayan kwamfuta ba. Eddie Spear, wanda ya tsara yawancin sautin, ya bar waƙoƙin suna jin kamar a gabanka ake yin su.

Ya samu karɓuwa?

Ƙwarai. Kundin ya shiga a matsayi na 5 a babban jadawalin kundi na Billboard 200, na ɗaya kuma a na kundin kantiri, alhali tashoshin rediyon kantiri ba su rungume shi ba a lokacin. Waƙar "Something in the Orange" ta kai ta 10 a jadawalin waƙoƙi na Hot 100, aka kuma sa ta takarar Grammy, babbar lambar yabo ta kiɗa a Amurka, ta 2023. Sau biyu aka naɗe ta: ɗaya da cikakken kiɗa, ɗaya kuma kusan daga shi sai jita da hamonika. Wanda bai taɓa jin Bryan ba, ta biyun nake ba shi shawara ya fara da ita, ko da Turancinsa bai yi nisa ba, don muryar kaɗai tana isar da saƙon.

Bayan nan fa?

A ƙarshen 2022 ya fitar da kundin wasan da ya yi a dandalin Red Rocks na Colorado, ya sa masa sunan da ke caccakar Ticketmaster, kamfanin sayar da tikiti, saboda tsadar da ke hana talaka shiga kallo. A 2023 kundinsa mai ɗauke da sunansa ya hau na ɗaya a Billboard 200. Waƙar da ya yi da mawaƙiya Kacey Musgraves a ciki, "I Remember Everything", ta zama ta ɗaya a Hot 100, ita ce kuma ta kawo masa Grammy ɗinsa na farko a 2024.