Ma'anar "soket mai daidaituwa" a ƙafar roba

Duk wanda ke amfani da ƙafar roba a Jos ya san kalmar soket, ko da bai taɓa shiga aji ba. Shi ne kwanson da ake zura dungu a ciki, wato abin da ya saura na ƙafa bayan yankewa. Nauyin jiki gaba ɗaya a kansa yake sauka, shi ya sa ƙafa mai tsada ba ta da amfani idan soket bai zauna ba.

Matsalar ita ce dungu ba ya tsayawa a girma ɗaya. Bayan tiyata yana kumbure, sai ya yi ta sacewa tsawon watanni, tsoka kuma ta rame. Ko a yini guda ma yana sauyawa. Mutum ya fito da safe ƙafa ta kama shi cif, ya yi zirga-zirga a kasuwar Taminus, kafin la'asar tafiya ta matse ruwan da ke cikin naman, dungu ya fara hawa da sauka a cikin kwanson. Daga nan sai gogewa, sai bororo, sai gyambo. Mai ciwon suga ko ciwon ƙoda abin ya fi tsananta gare shi.

Tsohuwar dabara ita ce safa. Ana yin ta da kauri daban-daban, mai ninki 1, 3 ko 5, a ƙara ko a rage. Tana aiki, amma sai an cire ƙafar tukuna, kuma ba kowa ne zai iya tuɓe ƙafarsa a tsakiyar kasuwa ko a harabar masallaci ba. Da yawa sukan haƙura su ci gaba da takawa cikin ciwo. Wannan haƙurin ne ke damuna.

Soket mai daidaituwa shi ne wanda mai shi zai iya tsuke shi ko ya sassauta da hannunsa, ƙafar na jikinsa. Wani ana yanka tagogi a bangonsa, a zagaye su da siririyar igiya mai ƙarfi wadda ke haɗe da wani ɗan maɓallin murɗawa, kamar tsarin RevoFit. Ka murɗa, tagogin su matso. Ka ja maɓallin, su saki, ko ta saman wando. Wani kuma maɗauri gare shi, wani 'yar jakar iska.

Sai dai maɓalli ba ya gyara soket ɗin da aka auna ba daidai ba tun farko. Wanda suga ta kashe wa jijiyoyin ji yana iya tsukewa fiye da kima bai sani ba, don haka ya riƙa duba fatarsa kullum da dare. Shatin da bai baje ba bayan minti 20 da cire ƙafar dalili ne na komawa wurin mai haɗa ƙafar. Ƙurar hunturun Jos ma tana shiga maɓallin, a riƙa goge shi.