Nonbainari

Nonbainari suna ne da ake kiran mutumin da yake cewa shi dai yadda yake jin kansa bai tsaya a namiji kaɗai ko mace kaɗai ba. Wani ya ce yana tsakani, wani ya ce duka biyun ne, wani ya ce ba ko ɗaya, akwai ma masu cewa abin nasu sauyawa yake da lokaci. Magana ce ta yadda mutum ke ɗaukar kansa, ba wai ta wanda yake sha'awa ba, kuma daban take da mata-maza, wato khunsa da malaman fiƙihu suka yi bayaninsa tun da daɗewa, domin shi wannan halittar jiki ce da ake haihuwar mutum da ita.

Tarihi

Sunan sabo ne, daga Amurka ya fito, ana jin wajen shekarun 1990 aka fara irin waɗannan kalmomi, sai bayan 2010 ya bazu ta intanet. Amma al'ummomin da suka ware wa wasu mutane gurbi na uku sun girme shi nesa ba kusa ba.

Waɗanda aka fi sani su ne hijra na Indiya da Pakistan da Bangladesh, suna zama gida-gida ƙarƙashin babba da suke kira guru, suna zuwa wajen biki da haihuwa su yi waƙa da rawa su sa albarka a ba su kuɗi, kuma a zamanin daular Mughal wasu irinsu sun riƙe muƙamai a fada. Da Turawan Ingila suka zo sai suka sa su cikin wata doka ta 1871 wadda ta ɗauki wasu ƙabilu a matsayin masu laifi tun daga haihuwa, aka riƙa rubuta sunayensu a rajista, aka hana su fitowa rawa cikin kayan mata, masana da yawa na ganin daga nan ne martabarsu ta ƙara zubewa har suka koma bara.

A tsibirin Sulawesi na Indunusiya, mutanen Bugis, waɗanda yawancinsu Musulmi ne yanzu, jinsi biyar suke lissafawa a al'adarsu, na biyar ɗin bissu, su ne masu kula da tsafi da kayan sarauta a da. Samowa na da fa'afafine. 'Yan ƙabilar Zapotec na garin Juchitán a Meziko na da muxe. Su kuma 'yan asalin Arewacin Amurka, a wani taro a Winnipeg ta Kanada a 1990 suka ɗauki wani suna mai nufin "mai ruhi biyu" ya zama na gamayya, ko da yake kowace ƙabila da nata tsohon sunan. Akwai kuma wani labari daga Rhode Island ta Amurka a 1776, na wata mai wa'azi da ta tashi daga zazzaɓi mai tsanani ta ajiye sunanta ta ce ita ba mace ba ce ba namiji ba daga ranar.

Ko waɗannan duka za a ce musu nonbainari, ana jayayya, don da yawansu ba su yarda da sunan ba. Haka batun 'yan daudu a ƙasar Hausa, wasu marubuta na jero su a nan, amma yawancinsu maza suke ɗaukar kansu, har aure suke yi su haihu.

Doka

Kotun ƙolin Nepal ta amince da jinsi na uku a 2007, Bangladesh ta amince da hijra a 2013, kotun ƙolin Indiya a 2014. Ostareliya na ba da fasfo mai harafin X a gurbin jinsi maimakon namiji ko mace, Jamus ta ƙara gurbi na uku a rajistar haihuwa a 2018, Ajantina ta sa X a katin shaida a 2021. Amurka ta fitar da fasfon X na farko a 2021, sai Trump ya sa hannu a umarnin da ya soke shi a Janairun 2025. Kotun ƙolin Birtaniya kuwa ƙin yarda ta yi da fasfon X a 2021.

Yawansu

Ƙasashe kaɗan ne ke tambaya a kai lokacin ƙidayar jama'a. Ƙidayar Kanada ta 2021 ta samu mutum dubu 41 da 'yan kai, ta Ingila da Wales a shekarar ta samu wajen dubu 30, kuma matasa sun fi yawa a ciki.

Tuta da rana

Tutarsu ta 2014 ce, mai layi huɗu: rawaya, fari, shunayya da baƙi. Ranarsu 14 ga Yuli.

Saɓani

Yawancin malaman Musulunci da manyan coci-coci ba su yarda da shi ba, a wurinsu namiji da mace aka halitta. Manyan ƙungiyoyin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ba sa ɗaukarsa cuta. Batun banɗakin da za su shiga, gasar wasanni da ba yara maganin sauya jinsi kuwa har yanzu ana ta shari'a a kai a ƙasashen Yamma.