Tambayoyi Da Amsoshi: Yadda Ake Sarrafa Injin Iska Don Ya Ba Da Wuta Sosai

Tunda iska ce ke juya fukafukan, me kuma ake sarrafawa?

Iska ba ta tsayawa a hali ɗaya. Yanzu ta taso daga gabas, an jima ta karkata, ta yi ƙarfi, ta lafa. Shi ya sa kowane babban injin iska yake da kwamfuta mai kula da abu uku: inda kan injin ya fuskanta, yadda fukafukai suka karkata, da nauyin da janareta ke ɗora wa juyin. A can sama akwai na'urorin da ke gaya mata gudun iska da inda ta fito.

Me ya sa ɗan bambanci a gudun iska yake da tasiri haka?

Saboda lissafin ba ɗaya-bisa-ɗaya ba ne. Idan gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin da ke cikinta yakan ninka sau 8. Idan aka ninka tsawon fukafukai sau 2, faɗin iskar da suke shara ya ninka sau 4. Iska mai zafi kuma ba ta kai mai sanyi nauyi ba, don haka ko gudunsu ɗaya, wutar da za su bayar ba ɗaya ba ce.

Ana iya kwashe duk ƙarfin iskar?

A'a. Bajamushe Albert Betz ya nuna a 1919 cewa ba a wuce kashi 59.3 cikin 100. In aka tsayar da iskar cak, ta baya ba ta da hanyar wucewa. Injunan zamani masu kyau suna kaiwa kashi 45 zuwa 50.

To yaya kwamfutar take neman mafi yawan wuta?

Nan ne ainihin gwanintar take. Injin yakan fara aiki idan iska ta kai mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa. Daga nan har wajen mita 12, burin shi ne a tatsi duk abin da za a iya. Akwai daidaiton da ake nema tsakanin gudun bakin fiffike da gudun iska. A inji mai fukafukai uku, bakin kan gudu kamar ninki 7 na iskar. In juyin ya yi sanyi, iska ta sulale ta tsakanin fukafukai a banza. In ya yi sauri fiye da kima, fukafukan su riƙa yanka iskar da suka riga suka dama. Sai kwamfuta ta riƙa ƙara wa janareta nauyi ko ta rage, kamar mai keke da ke canza giya a kan tudu da gangare.

Da iska ta wuce abin da janareta zai iya ɗauka, sai burin ya juya. Yanzu ana murɗa fukafukan ne don su zubar da rarar, wutar ta tsaya a ma'auninta. A wajen mita 25 a daƙiƙa kuwa, yawancin injuna tsayawa suke yi. Wasu na ganin wannan asara ce. Ni ban ga haka ba: injin da ake so ya yi shekara 20 yana aiki, ba a sayar da lafiyarsa saboda wutar dare ɗaya.

Mene ne amfanin kwaikwayon injin a kwamfuta?

Ba a gwada sabuwar dabara a kan injin da ya ci miliyoyi. Ana fara gina shi da lissafi, a busa masa iskar kwaikwayo, a ga yadda fukafukai ke lanƙwasa da yadda turken ke rawa. Cibiyar binciken makamashi ta Amurka, NREL, ta ƙirƙiro manhajar OpenFAST domin wannan aiki, kuma kyauta ce ga mai so.

Amfanin ya fi fitowa inda injuna suke da yawa, domin na gaba yakan bar wa na baya iska mai rauni, a hargitse. A Horns Rev da ke tekun Denmark, inda aka kafa injuna 80 a 2002, an taɓa ɗaukar hoton da hazo ya bayyana wannan sawu a bayan kowane inji. Masana suna gwada kautar da kan injin gaba kaɗan da gangan: shi ya rage wutarsa, na baya su samu, jimillar ta ƙaru.

Wannan ya shafe mu a nan?

Ƙwarai. A Lambar Rimi ta Jihar Katsina akwai tashar iska mai megawat 10, da injuna 37. Zafinmu yana rage wa iska nauyi, ƙurar hunturu kuma tana manne wa fukafukai ta rage musu kamun iska. Saitin da aka yi don iskar Turai sai an sake auna shi da tamu, kuma aikin injiniyoyinmu ne su tara ma'aunin iskar wurin na shekara guda aƙalla, damina da rani, kafin a taɓa saitin.