Ma'anar IP67, lambar da ke tsare batirin mota mai lantarki

Duk wanda ya duba takardun mota mai amfani da lantarki zai iya cin karo da haruffa biyu da lambobi biyu, IP67, a wurin da ake bayanin batir. Masu sayar da wayoyin hannu sun riga sun saba mana da su, har mutane da yawa suka ɗauka ma'anarsu kawai ita ce ruwa ba ya yi wa abin komai. Ma'anar ta fi haka ƙunci, kuma a kan mota rashin fahimtarta yana iya kai wa ga gobara ko asarar rai.

Haruffan IP taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci biyu da ke nufin kariya daga kutsawar wani abu cikin akwati, kuma tsarin ya fito ne daga ƙa'ida mai lamba IEC 60529 ta hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ma'aunin kayan lantarki, wadda ke da mazauni a Janeba. Lamba ta farko tana magana ne a kan ƙura da sauran busassun abubuwa, daga 0 zuwa 6, kuma 6 ita ce ƙololuwa: a sa akwatin cikin ɗakin gwaji mai cike da hoda har tsawon awa 8, a buɗe a tarar ko ƙwaya ba ta shiga ba. Lamba ta biyu ta ruwa ce, kuma 7 tana nufin an nutsar da akwatin cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30 ba tare da ruwa mai cutarwa ya shiga ba. Da ruwa mai tsabta ake gwajin, ba ruwan gishiri ko na kwata ba, sannan lambar 7 ba ta ce komai a kan feshin ruwa mai ƙarfi irin na wajen wankin mota, wanda yake da nasa gwajin daban.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne, lambar shaida ce a kan akwatin yadda ya fito daga masana'anta, da murfinsa da robar da ke liƙe bakinsa da kowane noti a ɗaure yadda aka auna. Ranar da aka huda shi ko aka buɗe shi ba bisa ƙa'ida ba, lambar ta tashi daga aiki, ko da tana nan a rubuce a jikin takarda.

Batirin irin wannan mota yana shimfiɗe ne a ƙarƙashinta, nauyinsa yakan kai ɗaruruwan kilo, kuma ƙarfin wutarsa yawanci volt 400 ne, wasu sababbi kamar Hyundai Ioniq 5 kuma 800, alhali wutar gida a Najeriya 230 ce. Mu ɗauka mai mota ya gaji da ramuka da duwatsun hanya, ya je wajen mai walda ya ce a ɗaura masa farantin ƙarfe a ƙasa. Niyyar mai kyau ce, kuma a motar fetur aiki ne na yini ɗaya. A nan kuwa, bakin abin huda ƙarfen yana iya wuce kaurin akwatin batirin da ɗan yatsa ya taɓa bututun ruwan sanyaya ko ƙwayar batir, wato ɗaya daga cikin ƙananan baturan da aka jera a ciki; ɓarɓashin ƙarfen da ya zuba ciki yana iya haɗe wayoyi bayan makonni ana girgiza shi a kan hanya; zafin walda kuma yana ratsa alminiyam ya kai ga ƙwayoyin da siririyar ledar da ke raba ɓangarorinsu biyu take narkewa a wajen digiri 130. Idan ƙwaya ɗaya ta ɗauki zafi har ya ƙwace mata, takan kunna maƙwabciyarta, ita ma ta kunna ta gaba, ana fitar da hayaƙi mai guba, kuma wutar takan sake tashi sa'o'i ko kwanaki bayan an kashe ta.

Akwai wani kuskure da ya fi ba ni tsoro, domin mai yin sa yana ganin gyara yake yi. A jikin akwatin akwai ɗan ƙaramin mashaƙi mai tata, wanda ke barin iska ta shiga ta fita idan zafi ya sauya amma ya hana ruwa, akwai kuma mafitar gaggawa da ke buɗewa ta saki iskar gas idan ƙwaya ta lalace. Wanda bai sani ba zai ga kamar kafa ce da aka manta, ya shafe ta da gam don tsoron ruwan damina, ko farantin da ya ɗaura ya rufe ta. Gas ɗin da ya rasa hanya sai ya nemi wata, ta hanyar fasa murfi, kuma murfin yana ƙarƙashin kujerun fasinja ne.

Kamfanonin da kansu suna sauya akwatin, sai dai bayan gwaji mai yawa. A 2013 motoci biyu ƙirar Tesla Model S sun kama wuta a Amurka bayan ƙarfen da ke yashe a kan titi ya huda ƙasan batirinsu, kuma a watan Maris na 2014 kamfanin ya ƙara musu garkuwar ƙarfen titaniyam da ta alminiyam. Haka kuma bayan guguwar Ian ta afka wa jihar Fulorida a watan Satumba na 2022, motoci masu lantarki da ruwan teku ya shanye sun riƙa kamawa da wuta daga baya, saboda gishirin da ya shiga yana barin hanyar da wuta ke bi ko bayan ruwan ya bushe.

Idan buɗe akwatin ya zama dole, aikin na wanda aka horar a kan babbar wuta ne, ba na kowane rewaya ba, komai ƙwarewarsa a kan batir mai volt 12. Zai fara cire makullin katse wuta, ya sa safar hannu mai jure volt 1,000, ya auna wayoyin babbar wuta masu launin lemo ya tabbatar babu wuta a cikinsu, yana sane da cewa ƙwayoyin da ke cikin akwatin suna nan da cajinsu. Bayan ya gama sai ya sa sabuwar roba, ya ɗaure notuna bisa awon kamfani, sannan ya hura iska kaɗan a cikin akwatin ya zuba wa ma'auni ido. Idan allurar ta fara sauka, akwai kafa a wani wuri, kuma motar ba za ta hau titi ba sai an gano ta.