Taƙaddamar Serena Williams da alƙalin wasa Carlos Ramos a 2018

Taƙaddamar Serena Williams da Carlos Ramos sa-in-sa ce da ta ɓarke a wasan ƙarshe na mata na gasar tanis ta US Open, ranar Asabar 8 ga Satumba 2018, a filin Arthur Ashe da ke birnin New York na Amurka. Ramos, ɗan Fotugal da ya yi alƙalancin wasan, ya hukunta Williams, 'yar wasan Amurka, sau uku a turmi na biyu, har ya ƙwace mata gem guda sukutum. Ita kuwa ta ce da namiji ne ya faɗi abin da ta faɗa, da ba a yi masa haka ba. Naomi Osaka, mai shekara 20, ita ta ci wasan 6–2, 6–4, ta zama mutum na farko daga Japan da ya ɗauki ɗaya daga cikin manyan kofuna huɗu a wasan ɗaiɗaiku, amma rigimar ta danne labarin nasarar tata.

Dokar ladabtarwa

A tanis, maki ne ke haɗuwa su zama gem, gem kuma su haɗu su zama turmi. Dokar manyan gasanni huɗu (na Ostireliya, Faransa, Wimbledon da Amurka) ta jera hukunci hawa-hawa: laifin farko gargaɗi, na biyu a ba abokin karawa maki ɗaya, na uku a ba shi gem. Ba sai laifin ya zama iri ɗaya ba, ƙirgawa kawai ake yi. A 2018, cikin laifukan akwai fasa raket (abin buga ƙwallon), karɓar shawarar koci ana tsaka da wasa, da furta wa jami'i kalmar da ke nuna shi maras gaskiya ne.

Tarihin faɗa da alƙalai

Ba Williams ta fara ba. An tsaurara dokar ne wajen ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Ilie Năstase na Romaniya da Jimmy Connors da John McEnroe na Amurka suka mayar da yi wa alƙali tsawa wani ɓangare na wasa. A US Open ta 1979, karawar Năstase da McEnroe ta rincaɓe har 'yan kallo suka riƙa jifa cikin fili, aka sauke alƙalin wasan, Frank Hammond, daga kujerarsa don a samu a ƙarasa. A Wimbledon ta 1981 McEnroe ya zazzage wa alƙali Edward James rashin kunya a kan ƙwallon da ya rantse ta taɓa layi, aka ƙwace masa maki, aka ci shi tara, ya kuma je ya ɗauki kofin shekarar. Sai a 1990 dubunsa ta cika a gasar Ostireliya, yana karawa da Mikael Pernfors: ya tsare wata mai duba layi da ido, ya fasa raket, ya zagi mai sa ido kan gasar, aka kore shi. Daga baya ya ce bai san an rage matakan hukuncin da ke kaiwa ga kora a lokacin daga huɗu zuwa uku ba.

Misalin da masu goyon bayan Williams suka fi kawowa shi ne na Connors a US Open ta 1991. Ranar da ya cika shekara 39, yana wasa da Aaron Krickstein, ya surfa wa alƙalin wasa zagi mai muni a gaban kyamara, ba a hukunta shi ba, kuma an daɗe ana maimaita wasan a talabijin a matsayin abin tarihi. A Wimbledon ta 1995 Jeff Tarango ya kira alƙali Bruno Rebeuh maciyin amana, ya tattara kayansa ya fice, matarsa kuma ta mari alƙalin. A 2017 an sallami Fabio Fognini na Italiya daga US Open saboda kalaman batsa da ya jefi alƙaliya Louise Engzell da su.

Ita kanta Williams tana da tsohon miki a wannan fili. A 2004, a karawarta da Jennifer Capriati, an yi mata kurakuran alƙalanci da suka fito fili har masu shirya gasar suka ba ta haƙuri, kuma ana lissafa wasan cikin abubuwan da suka gaggauta kawo na'urar Hawk-Eye, mai tantance inda ƙwallo ta faɗi, a 2006. A 2009, a wasan kusa da na ƙarshe da Kim Clijsters, ta yi wa mai duba layi barazana bayan an ce ƙafarta ta taka layi. Makin da aka ƙwace mata shi ne ya ƙare wasan, aka kuma ci ta tarar dala 82,500. A wasan ƙarshe na 2011 ta yi cacar baki da alƙaliya Eva Asderaki.

Yadda abin ya faru

Williams, mai shekara 36, ta shigo ne shekara ɗaya bayan haihuwar 'yarta, tana neman babban kofi na 24 don ta kamo Margaret Court ta Ostireliya, wadda ta ɗauki 24. Osaka ta cinye turmin farko ba da wata wahala ba. A gem na biyu na turmi na biyu Ramos ya hango kocin Williams, Patrick Mouratoglou, yana yi mata alama da hannu biyu daga cikin 'yan kallo, sai ya yi gargaɗi. Williams ta je gindin kujerarsa ta ce ita ba ta maguɗi don ta ci wasa, gara ta faɗi. Da alama ta ɗauka maganar ta wuce.

Ta kai 3–1, sai ta rasa gem ɗin da ita ke buga sabis (bugun farko), ta maka raket da ƙasa ya karye. Laifi na biyu ke nan, don haka Osaka ta fara gem na gaba da 15–0. A nan Williams ta gane gargaɗin farko yana nan daram. Ta ce tana da 'ya, ba ta taɓa cuta ba a rayuwarta, kuma dole Ramos ya ba ta haƙuri. Da aka zauna hutu Osaka na gaba da 4–3, ta ci gaba da magana daga kujerarta, tana nuna shi da yatsa. Ta kira shi maƙaryaci, sannan ta ce ɓarawo ne, ya sace mata maki. Ramos ya sanar da laifi na uku, allo ya koma 5–3. Babban alƙalin gasar Brian Earley da jami'ar WTA (ƙungiyar tanis ta mata) Donna Kelso suka shigo fili, Williams tana hawaye tana ce musu maza na yin abin da ya fi wannan. Hukuncin bai canza ba.

Wajen ba da kofi ihun 'yan kallo ya cika filin. Osaka ta janyo hularta ta rufe fuska tana kuka, Williams ta dafa kafaɗarta, ta roƙi jama'a su daina. Washegari aka ci Williams tarar dala 17,000: 10,000 na zagi, 4,000 na shawarar koci, 3,000 na raket. Mouratoglou ya amsa cewa ya yi alamar, amma ya ce bai jin ta gani, kuma kowane koci na yi.

Zargin bambancin jinsi

Hukumomin wasan sun rabu. Shugaban WTA na lokacin Steve Simon da shugabar hukumar tanis ta Amurka ta lokacin Katrina Adams sun ce ba a auna maza da mata da mudu ɗaya. Hukumar tanis ta duniya, ITF, ta ce Ramos ya bi doka. Cikin tsofaffin 'yan wasa, Billie Jean King ta ce mace in ta fusata sai a ce ta haukace, namiji kuwa a ce mai faɗar gaskiya ne. Andy Roddick da James Blake sun amsa cewa sun faɗi abin da ya fi haka ba a ƙwace musu gem ba. Martina Navratilova ta yarda akwai bambanci, amma ta ce abin da wani ya yi ya sha ba shi ne ma'aunin abin da ya dace ba.

Masu kare Ramos sun nuna cewa dama an san shi da tsauri, kuma ya taɓa hukunta Rafael Nadal da Novak Djokovic da Andy Murray. Jaridar New York Times ta wallafa alƙaluman tara a manyan gasanni daga 1998 zuwa 2018: maza sau 1,517, mata sau 535, sai dai mata sun fi yawa a laifin shawarar koci. Alƙaluman ba su kashe gardamar ba, domin maza na buga turmi biyar ne, mata uku, kuma lissafin tara ba ya ƙirga zagin da alƙali ya ji ya kau da kai.

Abubuwa biyu a gasar sun ƙara wa zargin ƙarfi. An gargaɗi Alizé Cornet ta Faransa don ta juya rigarta a fili, abin da maza ke yi kullum, daga baya masu gasar suka nuna nadama. Alƙali Mohamed Lahyani kuma ya sauko daga kujerarsa yana lallashin Nick Kyrgios ya dage da wasa. Zanen barkwancin Williams da Mark Knight ya yi a jaridar Herald Sun ta Ostireliya kuwa ya jawo zargin wariyar launin fata. Majalisar 'yan jaridar ƙasar ta ce bai saɓa ƙa'ida ba.

Abin da ya biyo baya

A 2019 Williams ta rubuta cewa ta aika wa Osaka saƙon ban haƙuri, masu shirya US Open kuma suka ce Ramos ba zai yi alƙalancin wasanta ko na 'yar uwarta Venus ba a gasar shekarar. A 2022, da Alexander Zverev ya riƙa dukan kujerar alƙali da raket a Acapulco aka jingine dakatarwarsa, Williams ta ce da ita ce da tana kurkuku. A shekarar ne aka fara barin koci ya yi magana daga wajen fili a US Open, kuma ITF ta halatta hakan a dokokinta daga Janairun 2025.