Blue Spring a Fulorida: idon ruwan da mutane da ayu ke karɓa-karɓa

Jihar Fulorida da ke kudu maso gabashin Amurka tana da idanun ruwa sama da 1,000, kuma gwamnatin jihar ta killace da yawa daga cikinsu ta mayar da su wuraren shaƙatawa. Ga amsoshin abin da mai niyyar zuwa ɗaya daga cikinsu, wato Blue Spring, zai so ya sani.

Ina wurin yake, kuma me ke cikinsa?

Yana gefen garin Orange City, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota daga birnin Olando idan aka yi arewa. Ruwan yana ɓulɓulowa ne daga wani rami mai zurfi, ya zama ƙorama mai tsawon sama da rabin kilomita, sannan ya faɗa kogin St. Johns, kogin da ya fi kowane tsawo a jihar. A kowace rana idon yana fitar da kimanin galan miliyan 100. Gwamnatin jihar ta karɓi wurin a 1972, shekara guda bayan Bafaranshen nan mai binciken ƙarƙashin teku, Jacques Cousteau, ya ɗauki fim a kan ayun da ke wurin, abin da ya ja hankalin jama'a zuwa gare shi.

Me ya sa ake cewa ruwan ba ya sauya ɗumi, rani da damina?

Saboda daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, inda rana ba ta kai ba, iskar hunturu ma ba ta kai ba. Ƙasan Fulorida dutsen farar ƙasa ne mai huji-huji kamar soso. Ruwan sama yana tsuma ya shiga cikinsa, a hankali ya narkar da dutsen har ya ɓuɓɓuge hanyoyi da koguna a ciki, ya taru ya zama wani babban rumbun ruwa da ya ratsa har ƙarƙashin jihohin Jojiya da Alabama. Inda matsi ya samu kafa sai ruwan ya ɓullo. Dutsen ya riga ya tace shi, shi ya sa yake garau, mutum yana tsaye a bakinsa yana hango kifi da yashin ƙasa. Ɗuminsa kuwa digiri 22 ne a ma'aunin Salshiyos, duk shekara.

Kada a raina wannan lissafin. Wanda ya saba da ruwan Wikki na Yankari a jihar Bauchi, wanda ke kan digiri 31, zai ji na Blue Spring ya ratsa shi har ƙashi a shigar farko. Yara kan fara rawar ɗari da wuri, don haka a riƙe tawul da busassun kaya a kusa.

Ana shiga ruwan a kowane lokaci?

A'a, kuma wannan ce amsar da ta fi muhimmanci ga mai shirya tafiya. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Maris ana rufe ƙoramar baki ɗaya: babu iyo, babu nutso, babu kwalekwale a cikinta. Dalili shi ne ayu. Wannan dabba, duk da girman jikinta, ba ta da kitsen da zai kare ta daga sanyi. Idan ruwan kogi ya sauka ƙasa da digiri 20 ya daɗe a haka, sai ta kamu da ciwo, fatarta ta yi gyambo, ta daina ci, wata har ta mutu. To ruwan da ɗan Adam ke jin sanyinsa da bazara, shi ne wurin jin ɗumin ayu da hunturu. Da zarar sanyi ya sauko sai su baro kogin su cika ƙoramar, uwa da ɗanta, manya da ƙanana, suna kwance a ƙasan ruwa suna tasowa lokaci-lokaci su shaƙi iska.

Lokacin da aka fara ƙirga su a farkon shekarun 1970, guda 14 aka samu. A wata safiya mai tsananin sanyi cikin Janairun 2024 ma'aikatan wurin sun ƙirga 932. Ni a ganina wannan rufewar ta wata huɗu da rabi ita ce abu mafi daraja da aka yi a wurin, kuma wanda ya je da hunturu bai yi asara ba. Akwai gadar katako da ta bi gefen ƙoramar tun daga bakin kogi har idon ruwan, daga kanta ake kallonsu ba tare da an tsorata su ba. Dokar Amurka ta 1972 da ta jihar ta 1978 sun haramta taɓa ayu, ko ba shi abinci, ko bin sa, ko da kuwa da bazara mutum ya ci karo da shi yana iyo.

Ayun irin wanda masunta ke ba da labari ne a kogin Kwara da Binuwai?

'Yan'uwa ne na kusa, amma jinsinsu daban. Dukansu ciyawar ruwa suke ci, dukansu suna shayar da 'ya'yansu nono. Namu na Afirka ta Yamma yana ta raguwa saboda farautarsa da ake yi don nama da mai, ga kuma madatsun ruwa da ke datse masa hanya. Bahaushe da yawa ya san sunan man ayu a bakin masu magani, bai taɓa ganin dabbar da rai ba.

Wanda ke son nutso da tukunyar iska fa?

An yarda, amma da sharuɗɗa. Sai mutum ya nuna katin shaidar cewa ya yi horo, ya yi rajista a ofishin masu gadin wurin, kuma ba a barin kowa ya shiga shi kaɗai. Ramin yana sauka har kusan mita 36, sai dai wanda horonsa na buɗaɗɗen ruwa ne ba a yarda ya wuce inda hasken rana ke kaiwa ba. Ba a ma barinsa ya riƙe fitila. Hikimar a fili take: mai fitila yakan ce bari in ɗan leƙa gaba, wanda ba shi da ita kuwa duhu ke korarsa ya dawo.

Haɗarin kogo dabam yake da na kogi ko tafki. Idan iska ta ƙare wa mutum a buɗaɗɗen ruwa, sama zai nufa ya fito. A kogo kuwa dutse ne a bisa kansa. Ga ƙarfin ruwan da ke bugowa daga ƙasa, wanda ke iya tunkuɗo mai nutso sama da sauri fiye da kima, kuma tasowa da gaggawa daga zurfi na iya fasa huhu ko ya sa kumfar iska ta taso cikin jini. An rasa rayuka a kogunan ƙarƙashin ƙasa na Fulorida, galibi na waɗanda suka iya ruwa sosai amma ba su koyi shiga kogo ba. Tsabtar ruwan ce ke yaudara, don komai sai ya zama kamar yana kusa.

Akwai kada?

Akwai, kogin St. Johns gidansu ne. A 2015 wani kada ya kashe wani mutum da ke iyo a wurin. Ba abu ne da ke faruwa kullum ba, amma idan masu gadi suka ce a fito, a fito, kuma kada a wuce iyakar da aka shata wa masu iyo.

Wanda bai iya ruwa ba me zai yi?

Zai iya hawa jirgin ruwan da ke zagayawa da baƙi a kogin, ko ya yi hayar kwalekwale, ko ya bi hanyoyin ƙafa cikin kurmi. Akwai tsohon gidan katako da Louis Thursby ya gina a 1872, zamanin da jiragen ruwa masu tururi ke yada zango a nan, kuma an kafa shi ne a kan tsibin kwanson katantanwa da mutanen asalin yankin suka tara tun ɗaruruwan shekaru. Akwai wurin kafa tanti da ɗakunan kwana. Ana buɗe ƙofa ƙarfe 8 na safe a rufe da faɗuwar rana, kuma idan wurin ajiye motoci ya cika sai a tsayar da shiga, don haka sammako ya zama dole a ranakun hutu.

Ruwan yana nan yadda kakanni suka san shi?

Bai kai da ba. Garuruwan da ke kewaye suna ta bunƙasa, suna zuƙar ruwan sha da na ban-ruwa daga rumbun nan guda da ke ciyar da idon, don haka abin da ke ɓulɓulowa ya ragu. Sannan takin zamani da ake zubawa a gonaki da ciyawar ƙofar gida, da abin da ke tsiyaya daga ramukan masai, duk suna bin ruwan sama su gangara cikin dutsen. Sinadarin naitiret da ke cikinsu ba ya tsayawa a tacewar dutse. Yana fitowa tare da ruwan, ya ciyar da gansakukar da ke lulluɓe ciyawar ruwa. Raguwar ruwan ta fi damun masu kula da ayu, domin idan ƙarfin ƙoramar ya yi rauni, ruwan kogi mai sanyi yana kutsowa ta bakinta da hunturu, filin ɗumin da ɗaruruwan dabbobin ke cunkushewa a ciki ya ƙara matsewa.